Yini Guda a Argungu Ba Lokacin Biki Ba: Ta Ina Za a Fara?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Ni mutumin Gusau ne. Cikin watan Disamba, in Allah ya kai mu, zan zo ɗaurin auren ƙanen maiɗakina a Birnin Kebbi, kuma zan samu rarar yini guda kafin mu juya. Ina so in kai iyali Argungu, ni da ita da yara biyu, babban shekararsa 11, ƙaramar 7. Sai dai wani abokin aikina ya ce asarar mai ce kawai, wai in ba lokacin bikin kamun kifi ba, babu abin gani sai rana da ƙura. Haka ne? In ba haka ba ne, yaya zan tsara yinin? Za a iya shiga kwale-kwale da yara? Kuma zan iya haɗawa da Surame a ranar?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sanya alheri a auren, ya kawo ku lafiya. In na fahimce ka, kana son ka san ko Argungu ta cancanci yini guda alhali ba biki ake yi ba, da yadda za ka raba yinin ga ka da mace da ƙananan yara, sai batun shiga ruwa da na Surame. Zan ba ka abin da na sani a aikace. Na daɗe ina aikin malamin gona a fadamar nan, kuma da yake ni ɗan ƙasar ne, duk baƙon da ya zo ofishinmu ya ce yana son ganin gari, ni ake miƙa wa shi. Na raka waɗanda suka koma suna yabo, na raka waɗanda suka koma suna tsaki, kuma abin da ya raba su kusan kullum ɗaya ne: lokacin da suka iso bakin ruwa.

Abokin aikinka bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa. Ko ban san shi ba zan iya kwatanta maka tafiyarsa. Ya karya kumallo a natse, ya iso gari wajen sha biyun rana, ya tsayar da ɗan kabu-kabu ya ce a nuna masa Matan Fada, wurin da ake gasar kamun kifin. Ya tarar da ɗan siririn ruwa mai launin ƙasa, tsit, ga rumfar manyan baƙi babu kowa sai awaki kwance a inuwa. Masunta sun daɗe da tashi, manoma sun nemi gindin itace. Ya ɗauki hoto biyu ya juya. Abin da ke cikin kansa shi ne hoton nan na talabijin, dubban mutane sun ruga cikin ruwa da gora da homa, wato ragar hannu, bayan an buga bindiga. To wannan gasar kimanin sa'a guda ce, kuma ba ma kowace shekara take yiwuwa ba: bayan na 2009 sai da aka yi shekara goma ba a yi bikin ba, kafin a dawo da shi a watan Maris na 2020, inda kifin da ya ci gasa ya kai kilo 78. Wanda ya zo neman wannan sa'ar a watan Disamba dole ya koma da tsaki.

Ruwan da ya yi garin

Bari in fara da abin da zai ba ka sha'awa a matsayinka na Bagusaye. Gulbin da ya ratsa ta Gusau, shi ne dai za ka tarar a Argungu. Daga wajenku yakan gangara Talata Mafara inda madatsar Bakolori ta tare shi, ya wuce ya haɗu da gulbin Rima kusa da Sakkwato, sannan su karkato kudu maso yamma su bi ta Argungu da Birnin Kebbi, gulbin Zamfara ya same su a gaba, duka su zube a kogin Neja. Ka gaya wa yaronka wannan a mota, za ka ga ya dubi ruwan da wani ido daban.

Bambancin shi ne a nan gulbin ba ya tafiya a matse. Ya baje cikin kwari mai faɗin kilomitoci, ya rarrabu rassa, ya bar tafkuna nan da can, garuruwa kuma suka jeru a kan tudu gefe da gefe suna kallonsa. Wannan kwarin shi ne fadama, kuma shi ne abin gani na gaskiya. Matan Fada wani ɗan yanki ne kawai da aka keɓe, ba a su a cikinsa sai ranar biki, shi ya sa kifi ke girma a wurin, shi ya sa kuma za ka tarar da shi shiru. Akwai masu riƙe da al'amarin ruwa tun kaka da kakanni, masu sarautar Sarkin Ruwa da ta Homa, kuma maganarsu tana da nauyi har gobe.

Fuskar fadama tana sauyawa da watanni, don haka wanda ya zo sau ɗaya fuska ɗaya ya gani. Daga Agusta zuwa Oktoba ruwa kan cika ya shafe gonaki, a shekarar da abin ya yi yawa kamar 2010 da 2020 har ya zama ambaliya mai cinye shinkafa da gidaje. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ba lokacin yawo da yara ba ne ko kaɗan. Disamba kuwa ka dace. Ruwa ya ja ya koma hanyarsa, tafkuna na riƙe da kifi, an kwashe shinkafar damina ana ta sussuka da shiƙa, masu noman rani kuma sun fara zuba iri da gyaran fangali. Matsalar watan guda ce, hazo. In ya sauko da ƙarfi ba za ka hango nesa ba, sanyin bakin ruwa da sassafe kuma ya fi na cikin gari cizo, don haka a sa wa yara rigunan sanyi.

Daga asuba zuwa hantsi

Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu bai kai kilomita 60 ba, tafiyar kusan sa'a guda. Ku yi sallar asuba, ku jira gari ya ɗan waye, ku kama hanya, karin kumallo a leda. Za ku wuce Ambursa inda filin jirgin sama yake, fadama na hannunku na hagu. Burina shi ne ƙarfe bakwai da rabi ta yi muku a bakin ruwa. Wannan shi ne kashin bayan yinin. In ka rasa wannan safiyar, sauran duk cikon benci ne.

Kada ka je kai kaɗai kana lalube. Tun a wurin ɗaurin aure ka tambaya, ba za a rasa ɗan Argungu a taron Birnin Kebbi ba. Ka roƙi a haɗa ka da wani ɗan gari, in so samu ne mai dangi cikin masunta. Amfaninsa ba nuna hanya kaɗai ba ne. Shi zai san inda aka yi su a daren jiya, domin mashigar da ke da kifi a makon nan ba lallai ita ce ta makon gobe ba, kuma shi zai yi maka sallama ga manyan wurin. A bakin ruwa gaisuwa ce tikitin shiga. Ka fara da dattijon da ka gani zaune yana ɗinkin raga, ka rage tsawo, ka ce "Baba, ina kwana, ya sanyi, ya ruwa?" Za ka ji ya amsa da harshen Kabi, wanda ba zai yi maka baƙo ba tunda kai ma daga yamma kake. Bayan nan ne za ka faɗi abin da ya kawo ka.

Abin da nake so yaranka su gani da idonsu shi ne gora da homa a hannun mai su, ba a hoto ba. Gorar ƙatuwa ce, hannu biyu ba ya zagaye wata, an huda mata baki a sama daidai shigar hannu. Masunci yakan kifa cikinsa a kanta, ƙafafunsa na tuƙi a baya, ya yi ta shawagi kamar wanda ke kwance a tabarma. Homa kuma raga ce ɗaure a lanƙwasasshen itace, guda biyu, ɗaya a kowane hannu. Ya buɗe su cikin ruwa, ya haɗe su kamar mai tafi, abin da ya shiga tsakani ya cafke ya jefa ta bakin gorar. Wato abu guda shi ne jirginsa, shi ne kuma kwandonsa. Na taɓa tsayawa da wani baƙo injiniya, ya yi shiru yana kallon wannan kusan minti ashirin, da muka juya ya ce da ni bai ga abin da zai ƙara wa gorar nan ko ya rage ba. In ka dace za ka ga mai birgi ya tsaya a goshin jirgi ya watsa ragarsa ta buɗe kamar faifai kafin ta faɗa ruwa, ko masu ɗaga mamari da suka kafa tun daren jiya suna cire kifi daga ƙugiyoyi ɗaya bayan ɗaya.

Ka sa yara su tambayi sunayen kifi. Masunta na jin daɗin wannan, kuma za su ba su darasin da babu shi a aji: tarwaɗa, ramboshi, ƙarfasa, ƙurungu mai ƙaya da ke gurnani in an kama shi, yauni, tsage mai haƙora, gaiwa da ke iya kwanciya cikin busasshen laka har ruwa ya dawo, da minjirya wadda ba a taɓawa da hannu sai an sha girgiza. Giwan ruwa, sarkin biki, ba kullum ake ganin babba ba. Kada ka yi wa yara alkawarinsa.

Abu guda zan ja kunnenka a kai: waya. Bakin ruwa wurin wanka ne da wanki, mata da 'yan mata na nan. Kada a ɗaga waya ta fuskar da suke, kuma ko namiji ne a nemi izininsa. Na taɓa shan kunya da wani baƙo da ya fito mota yana ɗaukar bidiyo tun kafin ya yi sallama. Sai da na yi ta ban haƙuri, har ya goge a gaban mutane, kuma ranar babu wanda ya ƙara buɗe mana baki.

Batun kwale-kwale da yara

Za a iya, da sharaɗi. A Disamba ruwan Argungu ba ya ƙarfi irin na damina, kuma ba kogin Neja ba ne. Amma ruwa ba sa'an kwando ba ne, kuma jihar nan ta ga babban rashi a kan ruwa: hatsarin jirgin Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, cikin watan Mayun 2021, ya ci rayuka da yawa, kuma lodi fiye da ƙima na cikin abin da aka ɗora wa laifi. Darasin ɗaya ne ko jirgi babba ko ƙarami.

Ga yadda ni nake yi. Ba na shiga jirgin haya da ke jiran ya cika da mutane da buhuna da babura. Nakan ɗauki shatar jirgi guda, mu kaɗai, a yi ciniki a tudu kafin a taka ruwa, a faɗi inda za a je da inda za a juyo. Nakan zaɓi magidanci, ba matashi mai son nuna gwaninta ba. Nakan leƙa cikin jirgin: ɗan ruwa a ƙasa da gwangwanin kwarfa ba abin tsoro ba ne, kowane jirgin katako na tsatsa, amma in ka ga ana kwarfa babu ƙaƙƙautawa tun jirgi na bakin gaɓa, nemi wani. Kowa ya zauna a ƙasa, babu mai miƙewa don hoto, yaro ɗaya gaban kowane babba. Rigar kariya ba a cika samunta a mashigai ba, in kana iya aro ko saya ta yara tun daga gida, ka yi, ba ɓarnar kuɗi ba ce. Rabin sa'a a gefen gaɓa ta wadatar, cikin bado da kainuwa, ba sai an tsallaka ba.

Akwai wani tsoho mai jirgi da na fi yarda da shi saboda abu guda da ya yi a gabana. Mun cika mu biyar, wani mai babbar riga ya zo ya ce lallai sai an ƙara shi, zai biya ninki. Tsohon bai ko ɗaga kai daga igiyar da yake kwancewa ba, ya ce, "Alhaji, jirgin ga ya cika. In kana jira in dawo, to. In ba ka jira, ga gada can." Irinsa za ka nema. In maiɗakinka ta ce hankalinta bai kwanta ba, a bar shi, ba a rasa komai ba, daga tudu ma ana ganin kusan duk abin da na lissafa.

Wanka kuwa a'a. Za ka ga yaran gari na tsalle cikin ruwa, naka su ce su ma. Ka hana. Ban da batun zurfi, ruwan fadama mai kwanciya yana ɗauke da tsargiya, kuma ta fata take shiga, ba sai an sha ba.

Gidan tarihin Kanta

Da rana ta fara zafi, wajen goma da rabi, ku hau gari. Lokacin gidan tarihi ke nan, domin ginin ƙasa ne mai kaurin bango, yana riƙe sanyi. Tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce. An zauna cikinta har 1942 da aka koma sabuwar fada, aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi a 1958. Yana kusa da kasuwa, kowa ya san shi. Tunda ranar hutu za ta iya kamawa, ka sa ɗan garin nan ya yi magana da masu kula da gidan tun kafin ku zo, kada ku tarar da ƙofa a rufe.

Mutane da yawa sukan zagaye shi cikin minti goma su fito su ce tsofaffin masu ne da takubba. Kayan ba sa magana sai ka san labarin da ke bayansu, don haka ga shi a taƙaice. Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi wajen 1515, bayan ya ɓalle daga Askiya na Songhai, ya yi babban birninsa a Surame. Wajen 1700 aka koma Birnin Kebbi. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, kuma a shekarar ce aka gwabza a Alwasa, wadda ke ƙasar Argungu a yau, inda masu jihadi suka yi asarar mutane da yawa. Sarautar Kabi ba ta mutu ba. Ta sake kafuwa a Argungu, Yakubu Nabame ya ta da tutar tawaye a 1849, kuma daga nan har zuwan Turawa Sakkwato da Gwandu ba su iya cin garin ba. An samu ɗan sulhu a tsakani, wanda ake kira Lafiyar Toga da sunan Sarki Abdullahi Toga, sannan yaƙi ya dawo. Ka lura da wannan: Argungu ba ta da nisa da manyan biranen daular Usmaniyya guda biyun nan, amma ta tsaya. A ganina fadamar da kuka baro da safe tana cikin dalilai. Doki ba ya son laka, Bakabe kuma ya san kowace mashiga.

Da wannan a kai, in ka ga kwari da baka da layu da tambura, za ka san ba ado ba ne. Za ka kuma gane nauyin 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, aka shirya masa gagarumin su don girmamawa. Daga nan bikin na yau ya samo asali, har hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya da ake karewa a 2016. Wato bikin da abokinka ke nema shaidar sulhu ce, an ɗora ta a kan tsohuwar al'adar masunta ta gyaran ruwa da fashin ruwa. A cikin gidan akwai kaburburan sarakuna, a shiga da ladabi, a yi musu addu'a, a tsawata wa yara guje-guje. Wanda ya zagaya da ku a ba shi na goro da hannu sake.

Daga nan ku bi ta ƙofar fadar Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, wanda ke kan gado tun 1996. Gani daga waje ya isa. Hoto sai da izinin dogarai.

Tsakar rana, da kuskuren da na taɓa yi

Daga azahar zuwa la'asar kada ka tsara komai. Ku yi salla, ku ci abinci, ku nemi inuwa. Tuwon shinkafa da miyar kifi shi ne abin wurin, ko soyayyen kifi da yaji, a bi da fura. In ɗan garin ya ce ku je gidansu, ku je. Maiɗakinka za ta shiga cikin gida, kuma ina tabbatar maka ita za ta fi ka dawowa da labari, domin rabin tattalin arzikin garin nan a tsakar gida yake: matan da ke gumi, su jiƙa shinkafa, su turara a manyan tukwane, su shanya, a kai inji, da masu bandar kifi.

Na koyi wannan hutun ne da wahala. Wata shekara cikin Afrilu wasu baƙi suka matsa mini sai mun shiga fadama da ƙarfe ɗaya, wai suna sauri za su koma. Na san bai dace ba, na ji nauyinsu na yarda. Direba ya bar sawun amalanke ya yanke ta wani fili da ya ga kamar busasshe. Saman ne kawai ya bushe. Mota ta nutse har ƙirji, babu inuwa ko ta kara, ruwan shanmu ya ƙare, ɗaya daga cikinsu jiri ya kwashe shi ya zauna daɓas. Wani manomi ne ya kwance shanunsa daga amalanke ya jawo mu, ya ƙi karɓar ko sisi, ya dube ni ya ce, "Malam, kai ma?" Wannan "kai ma" ta fi ranar ƙuna. Don haka motarka ta tsaya a kwalta ko hanyar da ka ga sawun mota sabo. Sauran a taka da ƙafa.

La'asar a fadama

Bayan la'asar ku koma ruwa, amma wannan karon ta wajen gada da gonaki. A nan ni aikina yake, don haka ka yi haƙuri in na zarce. Shekarun baya shinkafar fadama ta damina ce, irin ta gargajiya mai tsawo da ke bin ruwa tana tashi yayin da yake cika. Yanzu abin da ya mamaye shi ne noman rani: a haƙa 'yar rijiyar bututu, ruwan ƙasa na kusa, a ɗora injin ban ruwa, a dasa iri mai saurin nuna irin su Faro 44. Shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya, wanda aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, ya ƙara wa abin wuta, sannan aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017. Za ka ji ƙarar injuna ta ko'ina. Ka tsaya ka gaida manomi ka tambaye shi abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya, zai ce maka man inji da taki, sai tsuntsu. In shinkafa ta fara ido, jan-baki kan zo garke guda kamar hayaƙi, shi ya sa ake ɗaura gwangwanaye a igiya yara na ja suna ihu. A Disamba ba ku kai wannan ba, abin da za ku gani shi ne koren iri a fangali da masu dashe sunkuye cikin laka.

Rana kan faɗi ta ƙetaren fadama. Shanun Fulani na gangarowa shan ruwa, balbela na bin su, zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, masunta na fita kafa mamarin dare. In da hali ne da na ce ku tsaya har ta ɓace. Ba zan ce ba. Ku kama hanya da sauran haske, magariba ta yi muku a kusa da Birnin Kebbi.

Dalilin kai ma ka san shi, ba sai an gaya wa mutumin Zamfara ba. Cikin garin Argungu da hanyar Birnin Kebbi da rana jama'a na zirga-zirgarsu. Amma masarautar ta haɗa ƙananan hukumomi huɗu, Argungu da Augie da Arewa da Dandi, har iyakar Nijar, kuma a Nuwamban 2024 'yan Lakurawa sun kai hari garin Mera a Augie suka kashe mutane. Kada ka ce za ka ƙara gaba zuwa ƙauyukan arewa ko na yamma don yawon buɗe ido da iyali. Halin tsaro kuma yana sauyawa fiye da yadda rubutu ke iya bi, abin da na faɗa yau ba zai maye maka gurbin tambayar mutanen gari ana gobe za ku tafi ba.

Surame

Ka cire ta daga wannan yinin. Kufan birnin Kanta ne, da ragowar ganuwar duwatsu mai ban mamaki, kuma ya cancanci gani. Amma yanzu yana cikin jihar Sakkwato ne, a daji, ba a bakin kwalta ba, yana son mota mai ƙarfi da ɗan jagora da izinin hukumomin yankin, kuma yankin na cikin wuraren da sai an tambayi lafiyar hanya. In ka cusa ta, za ka rasa safiyar ruwa, ka yi tsakar rana a daji da yarinya 'yar shekara 7. Tafiya ce ta maza, ta wata rana daban, in hali ya yi.

Ni ba masunci ba ne, ba kuma malamin tarihi ba. Abin da na faɗa na su daga zama da masu shi na samo, kuma in dattijo a bakin ruwa ya gaya maka saɓanin nawa, ɗauki nasa. Ban sa maka kuɗin jirgi ko na abinci ba da gangan, domin farashin bana ba na baɗi ba ne, bar ɗan gari ya yi ciniki kai kana gefe.

Saura tsaraba, tunda gidan surukai za ka koma. Shinkafar gumi ka saya da kwano a kasuwa, ka tauna ƙwaya biyu, in ta yi ƙaras ta bushe, in ta yi taushi akwai sauran danshi, za ta yi wari a buhu kafin ku kai Gusau. Kifin banda kuma ka ɗaga ka ji nauyinsa, wanda ya bandu sosai ba ya da nauyi, fatarsa na sheƙi. Ka ɗan bubbuga shi a tafin hannu, in gari ya zubo ƙwari sun riga ka. Ka shinshina, hayaƙin itace kaɗai ya kamata ka ji. A naɗe shi a takarda ko kwali, ba leda ba, kuma a ajiye shi nesa da kayan bikin maiɗakinka, in ba haka ba har Gusau za ka sha magana.